Idan maɗaurin kromosom ya sami matsala, ta ina kuskure ke shiga rabuwar ƙwayar halitta?

Ɗalibar Bayoloji:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya da muka yi darasin rabuwar ƙwayar halitta, kuma na koma littafinmu har sau uku ban gamsu ba. An koya mana cewa kowane kromosom, wato ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwaya, yana da wani maɗauri na furotin mai suna kinetoko, wanda zaruruwan mazari, wato zaruruwan da ƙwaya ke shimfiɗawa daga gefunanta biyu lokacin rabuwa, ke kamawa su ja shi gefe, an kuma ce ƙwayar tana da shingen bincike wanda ba ya barin rabuwa ta ci gaba sai kowane kinetoko ya ɗauru. To idan haka ne, ta ina kuskure ke shigowa har a sami ƙwaya mai kromosom 47 ko 45 maimakon 46? Shingen ne ke lalacewa, ko kuwa akwai kuskuren da ba ya iya gani?

Malam Baban Hanif:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Duka biyun suna faruwa, amma na biyun da kika ambata shi ne ya fi yawa, kuma shi ne littattafan aji suka fi tsallakewa. Bari mu fara da yadda abin yake a gine.

Kafin ƙwaya ta rabu, takan kwafi kowane kromosom ya zama tagwaye, waɗanda wani zoben furotin mai suna kohesin ke riƙe da su manne da juna. Kowane ɗaya daga cikin tagwayen yana da nasa kinetoko, saboda haka a ƙwayar ɗan Adam mai kromosom 46 akwai kinetoko 92 da dole kowannensu ya sami madaidaicin ɗauri. Ana gina kinetoko ne a kan wurin da ake kira sentiromiya, kuma abin da ke nuna wa ƙwaya wannan wuri shi ne wani furotin mai suna CENP-A, wanda William Earnshaw da Naomi Rothfield suka gano a 1985 ta hanyar amfani da jinin masu fama da wata cuta mai taurara fata, waɗanda garkuwar jikinsu ke kai wa sentiromiya hari. A kan wannan tubali ne furotin sama da 100 ke hawa, har zuwa na can waje mai suna Ndc80, wanda shi ne yatsun da ke damƙe zaren mazari.

Ki ɗauki kinetoko a matsayin wurin da ake ɗaura wa raƙumi akala. Abin da ake so shi ne akalar Hassan ta tafi gabas, ta Husaini ta tafi yamma. Idan ɗaya bai sami akala ba ko kaɗan, kinetokonsa yakan tara furotin irin su Mad1 da Mad2 da BubR1, su haɗa wani ƙulli da ke danne na'urar da ake kira APC/C. Muddin wannan na'ura tana danne, almakashin da ke yanke kohesin, wato separes, ba zai sami 'yanci ba, tagwaye kuma ba za su rabu ba. Ƙungiyoyin bincike biyu a Amurka ne suka gano ƙwayoyin gadon wannan shinge, wato umarnin gadon da ke samar da furotin ɗinsa, a jikin yis a shekara guda, 1991: Rong Li da Andrew Murray suka samo na MAD, Andrew Hoyt da abokan aikinsa suka samo na BUB. A 1995 kuma Conly Rieder ya nuna ƙarfin abin ƙarara. Ya sami ƙwaya da ta tsaya cik saboda kinetoko ɗaya tak da bai ɗauru ba, ya ƙone wannan kinetoko da hasken leza, ba a jima ba sai ƙwayar ta ci gaba da rabuwa. Ashe kukan guda ɗaya ya isa ya tsayar da sauran duka.

Inda gizo ke saƙa shi ne, shingen nan kunne gare shi na jin kukan wanda ba a ɗaura ba, amma ba shi da idon duba ko an ɗaura daidai. Kinetokon yis ɗin burodi zare ɗaya kawai yake riƙewa, namu kuwa yakan riƙe daga 10 zuwa 20 da 'yan kai. Saboda haka yana yiwuwa kinetoko guda ya kama wasu zaruruwa daga gabas, wasu daga yamma, abin da ake kira ɗaurin merotelik. Shi dai a ɗaure yake, don haka ba ya kuka, shinge ya buɗe, rabuwa ta fara, sai a ga wannan kromosom ya maƙale a tsakiya ana jansa ta ɓangarori biyu alhali 'yan'uwansa sun yi nisa. Daniela Cimini da Ted Salmon da abokan aikinsu sun nuna a 2001 cewa wannan babbar hanya ce ta samun kuskuren adadi a ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa.

Ɗalibar Bayoloji:
Allah ya saka da alheri Malam. Amma idan zaruruwan suna kamawa ne ba tare da zaɓi ba, ai ya kamata irin wannan kuskure ya riƙa faruwa a kusan kowace rabuwa. Me ya sa ba mu ganin haka?

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Da izinin Malam zan amsa wannan, domin shi ne ɓangaren da ya fi burge ni a dukan ilimin. Gaskiyarki ƙanwata, a farkon rabuwa ɗaurin kuskure yana da yawa ƙwarai, sai dai akwai mai warware shi. Wani furotin ne mai suna Aurora B da ke zaune a tsakanin tagwayen kinetoko. Aikinsa shi ne ya liƙa wa Ndc80 sinadarin fosfet, wanda ke sa yatsun su saki zare. Idan ɗauri ya yi daidai, gabas na ja yamma na ja, sai kinetoko biyun su miƙe su yi nesa da Aurora B, ɗaurin ya tabbata. Idan kuwa tagwayen duka sun kama gefe ɗaya, babu ɗamewa, suna nan kusa da shi, sai ya kwance su a sake gwadawa.

Wanda ya fara nuna cewa ɗamewar ce ke tabbatar da ɗauri shi ne Bruce Nicklas na Jami'ar Duke, tare da Carol Koch, a 1969. Sun yi aikin ne da ƙwayoyin maniyyin fara. Suka sami kromosom da ya ɗauru a karkace, wanda bisa al'ada zai kwance cikin 'yan mintoci, suka sa siririyar allurar gilashi suka ja shi ta ɗaya gefen, sai ɗaurin kuskuren ya zauna daram na tsawon sa'o'i. Duk lokacin da na tuna cewa da hannu da allura aka yi wannan, shekaru masu yawa kafin a san sunan ko ɗaya daga cikin furotin ɗin, sai girman aikin ya ƙara kama ni. Matsalar ɗaurin merotelik ita ce yana samar da ɗan ɗamewa, don haka wani lokaci yakan kuɓuce wa Aurora B kamar yadda ya kuɓuce wa shinge.

Kuma a ganina a nan ne asalin ciwon daji yake. Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon daji mai ƙullutu suna da kromosom da adadinsu ya kauce. Theodor Boveri ya faɗi haka tun 1914 a Jamus, bayan ya shafe shekaru yana nazarin ƙwan wata halittar teku mai ƙaya, kuma a 1998 ɗakin binciken Bert Vogelstein a Jami'ar Johns Hopkins ya sami lahani a ƙwayar gadon BUB1 a wasu ƙwayoyin dajin hanji. Idan maɗauri da shinge suka lalace, daji ya samu.

Malam Baban Hanif:
Bayaninka kan Aurora B ba shi da gyara, amma a jimlarka ta ƙarshe ina da ja. Bayan rahoton 1998 an yi ta neman irin wannan lahani a cikin ciwon daji iri-iri, kuma abin da aka tarar shi ne ba kasafai ake samun ƙwayoyin gadon shingen sun lalace ba. Dalilin kuwa a fili yake: ƙwayar da ta rasa shingen gaba ɗaya ba ta rayuwa. Ɓerayen da aka cire musu Mad2 kwata-kwata suna mutuwa tun a kwanakin farko na ciki, ƙwayoyin daji ma da kansu idan aka kashe musu shingen sukan mutu bayan 'yan rabe-rabe kaɗan, domin rabon kromosom ɗin yakan watse ta yadda babu ɗaya daga cikin sababbin ƙwayoyin biyu da za ta sami abin rayuwa.

Abin da Sarah Thompson da Duane Compton suka gani a 2008 shi ne, ƙwayoyin daji masu yawan kuskuren adadi suna da shinge mai aiki, amma suna cike da kromosom masu maƙalewa a tsakiya saboda ɗaurin merotelik. Sau da yawa zaren ne ya cika riƙo har ya ƙi kwantuwa. A 2009 kuma ɗakin binciken David Pellman ya nuna cewa ƙwayar da ke da turakun mazari, wato wuraren da zaruruwan ke fitowa, fiye da biyu takan tattara su daga baya su koma biyu, amma kafin ta gama hakan ɗaurin kuskure ya riga ya yawaita. Wato ƙaramin lahani mai ɗorewa, wanda ƙwaya za ta iya rayuwa da shi, ya fi babban lahani haɗari.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Na karɓi gyara kan batun shingen, Malam. Amma ban sauka daga cewa kuskuren adadi yana haifar da daji ba, ko ta wace hanya ya zo. Kromosom ɗin da ya maƙale a tsakiya sau da yawa yakan ƙare a wajen cibiyar ƙwaya, wato ɗakin da kromosom ke zama, a cikin wata 'yar ƙaramar cibiya tasa shi kaɗai, wadda bangonta ba shi da ƙwari, kuma a 2015 an nuna cewa a cikinta yakan farfashe gunduwa-gunduwa sannan a sake ɗinke shi a hargitse. Irin wannan ragargajewa an fara bayyana ta a ciwon daji tun 2011. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsagewa ce babba.

Dakta Maman Sadiƙ:
Ina ganin kowannenku yana riƙe da wani ɓangare na gaskiya, kuma akwai shaidar asibiti da ke goyon bayan ɗan'uwa na ɗakin gwaji. Akwai wata lalura da ba kasafai ake ganinta ba, wadda ake kira MVA, inda yaro ke gadon lahani a ƙwayar gadon BUB1B, mai samar da BubR1, daga uwa da uba. Ƙungiyar Nazneen Rahman a Ingila ce ta gano wannan alaƙa a 2004. Idan aka duba jinin irin waɗannan yara, sai a tarar da kaso mai yawa na ƙwayoyinsu suna da ƙari ko ragin kromosom, kuma kowace ƙwaya da irin nata kuskuren. Sukan zo da ƙaramin kai da rashin girma, kuma da yawansu sukan kamu da dajin ƙoda na yara mai suna Wilms ko dajin tsoka tun suna ƙanana. A nan babu shakka lahanin ne ya riga dajin zuwa.

Sai dai a lura cewa shingen nasu rauni ya yi, bai mutu ba, wanda ya dace da maganar Malam. Haka kuma a 2007 Beth Weaver da Don Cleveland sun rage wa ɓeraye rabin CENP-E, injin da ke tura kromosom zuwa tsakiyar mazari, sai daji ya ƙaru a saifa da huhu, amma a wasu yanayin, kamar a hanta, ya ragu. Kuskure kaɗan yana ba daji abin zaɓe, kuskure mai yawa yana kashe shi. A kan wannan ne ma wasu magungunan da muke bayarwa suke dogara. Binkiristin, wanda ake samu daga wata fulawa 'yar asalin Madagaska kuma muke amfani da shi a dajin Wilms da na Burkitt da ke addabar yaran Afirka, yana hana zaren mazari ginuwa. Fakilitaksel kuwa, na dajin mama, yana sandarar da zaren, kuma an nuna a 2014 cewa a adadin da ke isa cikin ƙullutun majiyyata, yana kashe ƙwayoyin ne ta hanyar sa su rabu a hargitse.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan fanni shi ne ƙaramin kai. Lahani a KNL1 ko CENP-E, dukansu furotin ɗin kinetoko, yana haifar da jariri mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, domin ƙwayoyin da ke gina ƙwaƙwalwar ɗan tayi suna rabuwa da sauri ƙwarai, kuma waɗanda suka yi kuskure jiki yakan kashe su, sai adadin ya gaza.

Hajiya Ungozoma:
Dakta, ni ba masaniyar waɗannan sunaye ba ce, amma ina bin maganar tun daga farko saboda abin da nake gani a ɗakin haihuwa. Shin wannan matsala ce ke kawo lalurar Down da yawan ɓari? Ina tambaya ne domin na sha ganin an ɗora wa mace laifi, a ce wani abu ta ci ko ta yi sakaci, ni kuma ba ni da cikakken bayanin da zan kare ta da shi.

Dakta Maman Sadiƙ:
Hajiya, tambayarki ta fi kowace muhimmanci a wurina. E, asalin abin ɗaya ne, wato kuskuren rabon kromosom, amma a wata rabuwa ta daban, wadda ke samar da ƙwan mace da maniyyi. Lalurar Down tana zuwa ne idan yaro ya sami kromosom mai lamba 21 guda uku maimakon biyu, kamar yadda Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin suka bayyana a Faransa a 1959, shekara uku kacal bayan Joe Hin Tjio da Albert Levan sun tabbatar a Suwidin cewa adadinmu 46 ne ba 48 ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na lokuta, ƙarin yana fitowa ne daga ƙwan uwa. Haka kuma kimanin rabin ɓarin da ke faruwa a watanni ukun farko, kuskuren kromosom ne sanadinsa, kuma mai lamba 16 ne aka fi samu da ƙari.

Dalilin da ya sa ƙwan mace ya fi fuskantar wannan shi ne daɗewa. Ƙwayayen mace suna fara rabuwarsu tun tana cikin mahaifiyarta, sai su dakata, ba za su ci gaba ba sai watan da za su fito. Ƙwan da ya fito tana da shekara 40 ya yi shekara 40 yana jira, kuma zoben kohesin da ke riƙe da kromosom ɗinsa yana ta sassautawa a tsawon wannan lokaci. A nan ya kamata a yi adalci ga kinetoko, domin ba shi ne ke fara lalacewa ba. A rabuwar farko ta ƙwai ana buƙatar kinetokon tagwaye su haɗe su zama kamar ɗaya su fuskanci gefe guda. Idan kohesin ya sassauta sai su ware, kowanne ya iya kama gefen da bai kamata ba. Ƙungiyar Melina Schuh a Kambirij ta nuna a 2015 cewa tazarar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa da shekarun mace, kuma mazarin ƙwan ɗan Adam yakan ɗauki wajen awa 16 kafin ya ginu, yana ta tangaɗi.

Shi ya sa yiwuwar haihuwar mai lalurar Down take kusan 1 cikin 1,500 a shekara 20, ta kai kusan 1 cikin 100 a shekara 40. Duk da haka matasan mata ma suna haifa, da yawa kuwa, tunda su ne suka fi yawan haihuwa. Ki gaya wa dangi da ƙarfin gwiwa cewa kuskuren yakan auku ne a cikin ƙwai kafin ma a ɗauki cikin, kuma babu abinci ko aiki ko tafiyar da uwa ta yi da ciki da ta jawo shi.

Hajiya Ungozoma:
Na gode Dakta, Allah ya ƙara basira. Wannan magana ta cewa abin ya riga ɗaukar ciki ita zan riƙe.

Likitan Dabbobi:
Ina so in ƙara wani abu daga namu ɓangaren, domin ya nuna cewa lahanin kinetoko yana iya zama makami a hannunmu. Ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, wadda ke kawo sammore a shanu da ciwon barci a mutane, ba ta da CENP-A kuma ba ta da Ndc80 irin namu. Bungo Akiyoshi da Keith Gull na Jami'ar Oksfod sun gano a 2014 cewa kinetokonta an gina shi ne da wasu furotin na daban, waɗanda suka sa wa suna KKT. Tunda ginin ya bambanta da na saniya da na mutum, ana iya neman maganin da zai lalata nata maɗaurin ba tare da ya taɓa na mai ɗauke da ita ba, kuma an riga an sami sinadaran da ke kashe ta ta hanyar danne ɗaya daga cikin waɗannan furotin. Ga makiyayan da ke asarar shanu a yankunan tsando, wannan bincike ba na nesa ba ne.

Ɗalibar Bayoloji:
Malamaina, yanzu na ga inda na ɓata, domin na ɗauka shingen yana duba daidaito ne, ashe ɗauruwa kawai yake saurare. Tambayata ta ƙarshe: akwai yadda zan ga kromosom mai maƙalewa da idona a ɗakin gwajin makaranta, ko sai da manyan na'urori?

Malam Baban Hanif:
Kinetoko kansa ba za ki gan shi da madubin makaranta ba ɗiyata, amma sakamakon kuskurensa za ki iya gani, kuma albasa ta ishe ki. Ki ɗora ta a bakin kofin ruwa yadda gindinta zai taɓa ruwan, bayan kwana uku ko huɗu ki yanke ƙarshen saiwar kamar milimita 2, ki tausasa shi da ruwan asid mai rauni, ki sa rinin asito-osin, ki danne shi da siririn gilashi. Albasa kromosom 16 gare ta, manya ne kuma suna fitowa sarai. Ki nemi ƙwayoyin da tagwayensu suka riga suka rabu zuwa gefe biyu, ki duba filin da ke tsakani. A lafiyayyar saiwa filin nan fayau yake a kusan kowace ƙwaya, saboda haka sai kin ƙirga ɗaruruwa kafin ki ci karo da guda mai kromosom a tsakiya. Ki riƙa rubuta adadin waɗanda kika duba da adadin masu maƙalewa, ki kuma lura da ƙwayoyin da ba sa rabuwa amma suna da ɗan ɗigo mai rini a gefen cibiyarsu, domin wannan ɗigo shi ne ƙaramar cibiyar da ɗan'uwanki na ɗakin gwaji ya yi bayani. Idan kin samu, ki ɗauki hoto ta bakin madubin da wayarki ki turo mana nan mu duba tare.